Daga Bakalori zuwa shataletalen Lugard: wace zanga-zanga ce take haifar da ɗa mai ido?

Rubutun nan dogo ne, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Tun da damina ta kankama matasan unguwarmu, Abakwa, suke kai ruwa rana kan batun fita zanga-zangar sauyin yanayi. Wasu na cewa a yi tattaki da kwalaye daga shataletalen Lugard zuwa gidan gwamnati. Masu zafin kai na cewa tattaki wasan yara ne, a zauna a tsakiyar titin Ali Akilu da safiyar Litinin a hana kowa wucewa, kamar yadda suke gani Turawa na yi a bidiyo. Dalilinsu ba na banza ba ne. Sun ga Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, sun ga Mokwa a ƙarshen Mayun 2025 inda ruwan dare ɗaya ya ci mutum fiye da 150, kuma suna kwana cikin zafin watan Afrilu irin wanda iyayenmu suke rantsuwa ba su san shi a Kaduna ba. Da yake an san na taɓa fita, sai ake ta turo min tambaya. Amsar ba za ta shiga saƙon waya ba, shi ya sa na kawo ta nan.

Sau biyu na fita titi a rayuwata. Na farko a Janairun 2012, da gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai ranar sabuwar shekara, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Mu 'yan Abakwa ko kuɗin mota ba mu kashe ba, da ƙafa muka gangara shataletalen Lugard. Wanda bai ga taron nan ba ba zai gane ba. Garin da kogi ya raba biyu tun rikicin 2000, ga shi Musulmi da Kirista a inuwa ɗaya, ana raba ruwan leda ba a tambayar sunanka. Ranar 9 ga wata ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka shiga yajin aiki, ƙasa ta tsaya cak. A nan Kaduna har sai da gwamnatin marigayi Yakowa ta sa dokar hana fita ta awa 24. Ranar 16 ga wata aka dawo da lita naira 97.

Mun daɗe muna cewa taronmu ne ya yi wannan aiki. Da na ƙara shekaru a ofis sai na fara kallon abin ta wata fuska. Taro ya taimaka, babu ja. Amma abin da ya tayar wa gwamnati hankali shi ne bankuna a rufe, tashoshin jiragen ruwa a rufe, filayen jirgin sama a rufe, sannan ƙungiyar manyan ma'aikatan mai, PENGASSAN, ta yi barazanar rufe rijiyoyi. Ga kuma buƙata guda ɗaya tak, mai lamba a jiki, wadda mutum ɗaya zai iya biya da sa hannu ɗaya: a mayar da lita 65. Ba a samu 65 ba, an samu 97, an kuma samu binciken majalisar wakilai da ya tona asirin masu karɓar kuɗin tallafi ba su kawo mai ba. Shugaban kwamitin binciken ma daga baya kotu ta ɗaure shi kan cin hanci, amma wannan labarin wata rana ne.

Akwai wani abin dariya a nan da ya kamata masu fafutukar yanayi su haɗiye. Zanga-zanga mafi girma da tsaranmu suka yi a ƙasar nan, ta neman man fetur mai araha ce. A Turai kuwa 'yan uwansu masu kwalaye cire tallafin mai suke nema. Duk wanda zai kwaso salon can ya kawo nan, ya fara sanin cewa ba waƙa ɗaya muke rerawa ba.

Fita ta biyu a Satumban 2019 ce, makon da miliyoyin mutane suka fito a biranen duniya bayan kiran yarinyar nan 'yar Suwidin, Greta Thunberg. Mu ma muka yi namu. Ba mu cika motar bas biyu ba. Aka raba riguna, aka rubuta kwalaye da Turanci, muka taka har ƙofar wani ofishi, wani jami'i ya fito ya karɓi takardarmu da hannu biyu, ya ce zai isar, aka ɗauki hoto. A hanya wani mai shayi ya tambaye ni, "Yallaɓai, albashi ne ba a biya ku ba?" Da na ce masa a kan ɗumamar duniya muka fito, sai ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da fifita wutarsa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san inda irin takardar nan take kwana. Ana buga mata hatimin an karɓa, a sa ta a fayil, babba ya rubuta wa na ƙasa da shi "a duba a ba da shawara", na ƙasan ya duba ya ga babu abin da aka nema wanda ofishin yake da ikon yi, sai ya rubuta a ajiye. Ba mugunta ba ce. Takardar da ta ce "a ceto duniya" babu teburin da za a kai ta.

To, kafin mu yi gardama kan salon Landan, mu waiwayi namu tarihin, domin fafutukar ƙasa da ruwa ba baƙuwa ba ce a Arewa. Sunan ne kawai sabo.

A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ne ya yi aikin, aka gama jikin madatsar a 1978. A takarda abin gwanin sha'awa: noman rani na zamani, alkama da shinkafa, dubban kadada. A ƙasa kuwa, ruwa ya shanye garuruwa da gonaki, aka kwashe dubban iyalai aka kai su tudun da ba ya noma. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin aka hana su shuka shekara da shekaru ana baje ƙasa da katafila, aka sare musu itatuwan amfani, diyya kuma ta zama sai wanda ya san wani. Na ƙasan madatsar su ma ambaliyar da take ciyar da fadamunsu kowace shekara ta ragu. Manoman nan ba su fara da tarzoma ba. Sun kai kuka wurin masu gari, sun kai wurin hukumar aikin, wasu sun je kotu. Da suka ga an mai da su 'yan jeka-ka-dawo, sai suka yi daidai abin da ƙannenmu suke ba da shawara yau: suka datse hanyoyin shiga wurin aikin, suka tsayar da komai. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin mulkin farar hula, Shagari na shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa na gwamnan Sakkwato, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. An harbe mutane, an ƙona ƙauyuka, Birnin Tudu na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike suka ce waɗanda aka kashe sun haura 380.

Ku lura da abu biyu. Datse hanyar ya yi aiki ta fuska ɗaya, domin ya taɓa aljihun kamfani da na gwamnati, abin da shekarun koke ba su yi ba. Amma manoman su kaɗai ne a dajin. Babu ƙungiyar ƙwadago a bayansu, babu ɗan jarida a wurin ranar da abin ya faru, babu lauyan da sunansa zai sa kwamishinan 'yan sanda ya yi tunani sau biyu. Sai bayan an binne mutane malaman jami'a da 'yan siyasar adawa suka ɗauki maganar. Yau ka tambayi ɗalibin jami'a a Kaduna me ya faru a Bakalori, da wuya ka samu amsa. Ni wannan mantuwar ta fi komai ci min rai.

A Kudu an yi irinta da tsari fiye da haka. Ken Saro-Wiwa da ƙungiyar MOSOP sun fara da rubuta buƙatun Ogoni a 1990, suka bi ƙauye-ƙauye suna wayar da kai, suka kai maganar har Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 4 ga Janairun 1993 mutum wajen 300,000 suka fito, a ƙabilar da ba ta fi rabin miliyan ba a lokacin. A shekarar Shell ta daina haƙar mai a ƙasar Ogoni. Wannan nasara ce da babu wata zanga-zangar muhalli a Najeriya da ta kama ƙafarta. Sai dai kan shugabannin ya rabu, aka kashe manyan Ogoni huɗu a Mayun 1994, gwamnatin Abacha ta samu ƙofar da take nema, ta rataye Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya bai fito ba sai 2011, ya ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30, ya kuma gano wata unguwa a Ogale da mutane ke shan ruwan rijiya mai sinadarin da ke jawo kansa ninki 900 bisa abin da aka yarda. An ƙaddamar da aikin sharewa a 2016. Afuwar da aka yi wa mutum taran ta zo a Yunin 2025, shekara talatin bayan igiya.

Matan Ugborodo kuwa, a Yulin 2002, ɗaruruwansu suka mamaye tashar man Chevron ta Escravos kusan kwana goma, ba bindiga ba sanda, makaminsu barazanar tuɓe zane. Kamfani ya zauna da su, ya yi alkawarin aiki da makaranta da wuta da ruwa. An saurare su ne domin sun zauna a kan maƙogwaron kuɗi, kuma harbin iyaye mata a gaban kyamara abin kunya ne da kamfanin waje ba zai iya ɗauka ba.

Kotu fa? A Nuwamban 2005 babbar kotun tarayya a Benin ta yanke wa Jonah Gbemre hukunci cewa ƙona iskar gas a garinsu tauye haƙƙin rayuwa ne. Har gobe ana ƙonawa, duk da cewa tun 1984 doka ta ce a daina. Amma da manoma huɗu suka kai Shell ƙara a ƙasar Holan a 2008, suka yi nasara a Janairun 2021, kamfanin ya amince zai biya yuro miliyan 15. Mutanen Bodo ma a Landan suka samu fam miliyan 55 a 2015. Ka ga hukunci yana cizo ne a inda ake tsoron alƙali. Shekara goma sha uku kuma ba wasa ba ce, wasu daga cikin manoman sun rasu ba su ga kuɗin ba.

Yanzu mu zo kan bidiyon da ke burge ƙannenmu. A Afrilun 2019 ƙungiyar Extinction Rebellion ta toshe manyan mahaɗun Landan fiye da mako guda, aka kama mutum sama da 1,000. Ranar 1 ga Mayu majalisar dokokin Birtaniya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan yanayi, a watan Yuni aka sa wa'adin 2050 cikin doka. Wata shida bayan nan wasu daga cikinsu suka hau kan jirgin ƙasa a tashar Canning Town da sassafe, unguwar talakawa masu sammakon zuwa aiki, fasinjoji suka jawo su ƙasa da duka. Ƙungiya ɗaya, shekara ɗaya, sakamako biyu. Na farko ya takura wa gwamnati, na biyu ya takura wa mai neman na cefane. 'Yan Just Stop Oil da suka watsa miya a kan gilashin zanen Van Gogh a 2022 sun samu suna a duniya, shugabanninsu sun samu shekaru a gidan yari, a 2025 suka ce sun ajiye wannan salo. Har yanzu Turawan kansu suna gardama ko sun jawo mutane ne ko sun kore su.

Duk salon nan an gina shi ne a kan abu ɗaya: ka zauna a titi, ɗan sanda ya ɗauke ka cak kamar jariri, ya kai ka caji ofis, lauya ya zo, gobe jarida ta buga hotonka. Kamun shi ne dabarar. Wanda zai zauna a titin Ali Akilu ya tambayi kansa ko haka za a ɗauke shi. Sannan wa zai tare? Mai Keke Napep da ke da balas ɗin yamma a wuyansa, da mai naƙuda da za a kai Barau Dikko, da ɗan makaranta. Wanda ake so ya ji a jikinsa yana da jiniya, ta wata hanya zai bi.

Kuma Kaduna ba kamar ko'ina ba ce, mu daina ɓoye wa juna. Ranar 21 ga Fabrairun 2000 da tattaki aka fara, kafin a ankara an rasa rayuka fiye da 1,000, garin ya rabu, kowa ya kwashe kayansa ya koma ɓangaren da ya fi jin aminci. Mu da muka tashi a Abakwa, unguwar da tun asali 'yan ƙabilu daban-daban suka zauna a gefen bariki, mun san maƙwabtan da suka tafi ba su dawo ba. A Agustan 2024 ma mun gani: an fito kan yunwa da tsadar rayuwa, buƙata ta gaskiya, kafin kwana biyar an fasa ofisoshi, tutar Rasha ta bayyana, an sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Waɗanda suka kira fitar daga wayoyinsu suna gida. Waɗanda muka gani a Nuwamba suna faɗuwa a gaban kotu a Abuja saboda yunwa, yaran talakawa ne, waɗansu ko gemu ba su fara ba. Duk mai kiran mutane titi a garin nan, wallahi sai ya fara amsa tambayar wa zai tsare layin, wa zai sallami taron, wa zai je beli.

Misalin da na fi so a yi nazari a kai bai tara ko mutum ɗari a titi ba. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda gubar dalma. Mutane na kawo duwatsun zinariya gida suna daka su a tsakar gida, ƙurar na sauka a ƙasan da yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu. Likitocin MSF suka zo, aka kankare ƙasa a ƙauyuka bakwai, aka fara magani. Saura Bagega, wadda ta fi su girma. Likitoci suka ce ba za su fara ba yara magani ba sai an share garin, domin in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi cikin ƙurar, aikin banza ka yi. A Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Wata ya bi wata, kuɗi shiru, yara kusan 1,500 suna jira.

Sai wasu matasa, Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money, suka je Bagega da kansu, suka ɗauko hotuna da bayanai, suka bi sawun kuɗin daga ma'aikata zuwa ma'aikata har suka san inda ya maƙale. Suka haɗa kai da MSF da Human Rights Watch, suka sa mutane suka yi ta rubutu a shafin Facebook na shugaban ƙasa da Twitter da tambaya guda: ina kuɗin Bagega? Shugaban kwamitin muhalli na majalisar dattawa a lokacin, Bukola Saraki, ya je garin. A ƙarshen Janairun 2013 aka ba da umarnin sakin kuɗin, aka fara sharewa, kafin tsakiyar shekara yara suka fara karɓar magani.

Ni da nake cikin gidan, bari in gaya muku abin da ya sa wannan ya ci. An riga an yi alkawari a bainar jama'a, saboda haka ba sabon abu ake roƙo ba. Akwai adadi. Akwai sunan gari ɗaya. Akwai teburin da fayil yake kai, kuma an san teburin. Akwai likitoci da ba a iya ƙaryata su. Sannan biyan buƙatar ya fi wa gwamnati sauƙi a kan ci gaba da jin kunya. A kowace ma'aikata akwai mutanen kirki da suke son fayil ya motsa, amma ƙaramin jami'i ba ya iya zuwa ya buga wa babban sakatare tebur. Ranar da aka kira daga sama aka ce "me ake ciki, ana zaginmu a rediyo", ranar ce yake samun bakin magana. Hayaniyar waje tana ba na ciki ƙarfi, in dai hayaniyar ta san sunan fayil ɗin. Haka aka yi a 1988 ma, da ɗaliban Najeriya a Italiya suka rubuto wa jaridu cewa an jibge gangunan guba a garin Koko. Daga wannan tonon aka samu dokar hana shigo da shara mai guba da hukumar kare muhalli ta farko a ƙasar nan.

Sai kuma maƙwabtanmu na Maraɗi, waɗanda ko kwali ba su ɗaga ba. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa ana dasa itatuwa a Nijar, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In ka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka datse sauran, cikin 'yan shekaru ka samu itace. Sassaben zamani suke ce masa. Da farko dariya aka yi masa, domin manomin kirki a lokacin shi ne mai gona fes. Yunwar 1984 ce ta sa mutane suka gwada, da aka haɗa shi da rabon abinci. Amma abin da ya sa ya zauna shi ne canjin mallaka. A da itace na gwamnati ne ko a gonarka yake, ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara in ka sare reshe, to don me za ka raine shi? Da aka sassauta, manomi ya tabbata gawon da ya raina nasa ne, ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitocin tsaron itatuwansu, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Mu kuma nan kowace shekara sai a kafa rumfa, babban baƙo ya dasa ɗan itace ɗaya a zuba masa ruwa da butar roba sabuwa, kafin sati akuya ta gama da shi.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a daina fita titi ba, kuma ba don ina cin albashin gwamnati nake wannan magana ba, na san wasu za su faɗa a ƙasan rubutun nan. Ba don mutum 300,000 sun fito ba, da babu wanda zai san Ogoni. Ba don an cika shataletalen Lugard ba, da 'yan ƙwadago ba su samu ƙarfin zama teburin ciniki ba. Abin da nake cewa shi ne titi guduma ce, sai an sami ƙusa ake ɗaga ta. "Sauyin yanayi" ba ƙusa ba ce. Duk hayaƙin da Najeriya ke fitarwa bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba, gwamnan Kaduna ko ya so ba zai iya rage zafin Afrilu da sa hannu ba. Dokar sauyin yanayi ma muna da ita tun Nuwamban 2021, Buhari ya sa mata hannu bayan ya yi alkawarin 2060 a taron Glasgow, kuma ba tattaki ne ya kawo ta ba, nacin 'yan majalisa irin su Sam Onuigbo ne na shekaru.

Amma ƙusoshi suna nan birjik a garin nan. Kowace shekara hukumar NiMet da hukumar kula da koguna suna fitar da hasashen ambaliya tun kafin ruwan farko. Kowa ya san unguwannin da kogin Kaduna ke shiga in ya cika, an gani a 2003, an gani a 2012: Kigo Road, Bashama Road a Tudun Wada, gefen Unguwar Rimi, Rafin Guza, Nasarawa. Wa ya ba da izinin gini a hanyar ruwa, kuma ina za a mayar da talakan da ya riga ya gina? Akwai asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981, ana cire masa kaso daga asusun tarayya, jiha da ƙananan hukumomi suna da rabonsu. Nawa ya shigo Kaduna ta Arewa bara, wace magudanar ruwa aka yi da shi? Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja. Wane aiki ne namu a ciki? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ofishin gwamnatin tarayya kwana 7 ya amsa tambaya a rubuce, jihar Kaduna kuma da kanta ta shiga ƙawancen gwamnati a buɗe tun 2018. Waɗannan alkawura ne da aka riga aka yi, irin na Bagega.

Ga kuma gawayi, wanda a ganina ya fi duk sauran gaggawa. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kuɗin gas ya yi sama, gidajen da suka daina girki da itace sun koma. Ku bi hanyar Abuja ko ta Kachia ku ƙirga buhunan da ke jere a bakin titi. Ba za ka yi wa matar da ke dafa wa 'ya'ya bakwai zanga-zanga ba, ba za ka yi wa ɗan ƙauyen da gawayin ne kuɗin maganinsa ba. Hana shi da doka kawai sabon shingen karɓar na goro zai haifar. A nan darasin Maraɗi ya fi na Landan amfani: wa ke da itacen, me zai samu in ya bar shi ya girma, kuma murhu mai cin gawayi kaɗan zai iya sauka zuwa farashin da matar nan za ta saya?

Wani abu da nake gani duk shekara: majalisar dokokin jiha tana zama ne a cikin Lugard Hall, taku kaɗan daga shataletalen da muke son cikawa. Idan an kawo kasafin kuɗi ana zaman jin ra'ayin jama'a, kafin nan ma ma'aikatar tsare-tsare tana kiran taron gari. 'Yan kwangila ba sa fashi, ƙungiyoyi masu rajista suna zuwa da takardunsu, kujerun mutanen unguwa ne suke zama wayam. Aikin da bai shiga kasafi ba, ko an yi tattaki har Kawo a dawo, babu akawun da zai biya shi.

Saboda haka ga abin da na ce wa masu tambayata. A zaɓi magudanar ruwa ɗaya a Abakwa wadda kowa ya san tana cika ta shiga gidaje. A ɗauki hotonta duk ranar da aka yi ruwa, da kwanan wata. A ƙirga gidajen da abin ya shafa, a rubuta asarar kowa, mai unguwa da limami da fasto su sa hannu. A nemi injiniya ɗan unguwa ya auna ya faɗi abin da gyaran zai ci. A kai wa kansila da ɗan majalisarmu da shugaban ƙaramar hukuma, a karɓi kwafi mai hatimi, a karanta shi a shirin rediyo na safe da Hausa. A shiga zaman kasafi da mutum hamsin, mata a gaba, kowa riƙe da kwafinsa. Idan an sa a kasafi, a koma bin sakin kuɗin wata uku-uku, domin a nan yawancin ayyuka ke mutuwa. Idan duk an yi wannan aka yi biris da mu, to ranar sai a sanar da 'yan sanda a rubuce, a naɗa masu tsare layi, a sa lokacin tashi, a fito da lambar fayil ɗin a jikin kwali. Ranar zan nemi hutun kwana ɗaya a ofis, ku ajiye min kwali guda.